Yadda rai ya fara a duniya: abin da kimiyya ta gano da inda ta tsaya

Wani malamin sakandare daga Bodinga, mai koyar da ilimin halittu, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na koya wa yara cewa Pasteur ya tabbatar mai rai ba ya fitowa sai daga mai rai. Can gaba kuma darasi ya ce Miller ya nuna rai ya samo asali ne daga sinadarai marasa rai. Wata yarinya ta ce mini, to wanne za mu ɗauka? Don Allah a warware mini."

Malam, Allah ya saka da alheri, ya kuma yi wa yarinyar nan albarka, domin tambayarta ta masu lura ce. Maganganun biyu ba su ci karo ba, don ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Ta biyun kuma an zuzuta ta fiye da ƙima. Miller bai nuna yadda rai ya fara ba, kuma har yau babu wanda ya haɗa abu mai rai daga sinadarai zalla a ɗakin gwaji. Sai dai abin da aka gano a hanya ba ƙarami ba ne, kuma ya cancanci a koyar da shi daidai.

Mutanen dā a ko'ina sun ɗauka ƙananan halittu daga ruɓa suke tsirowa. Ko yanzu ka tambayi jama'a daga ina tsutsar nama ko ƙwaron wake suke zuwa, za ka ji masu cewa naman ne ko waken ne ya haife su. A 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya zuba nama a kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya rufe wasu da ƙyalle mai raga. Tsutsa ba ta fito a naman ba sai inda ƙuda ya samu sauka. Da aka fara ganin bakteriya da madubin ƙara girma, sai gardamar ta koma kansu: waɗannan dai, in ji wasu, da kansu suke samuwa. Louis Pasteur na Faransa ne ya kashe maganar a wajejen 1860. Ya tafasa romo a kwalba mai dogon wuya a lanƙwashe, yadda iska za ta shiga amma ƙura ta maƙale a lanƙwasar. Romon ya zauna garau. Da ya karya wuyan kwalbar, cikin 'yan kwanaki ya gurɓace.

Abin da wannan gwaji ya tabbatar shi ne, a duniyarmu ta yau, cikin kwanaki ko watanni, cikakkiyar bakteriya ba ta haɗuwa da kanta a romo. Bai taɓa batun wata duniya ba, wadda babu iskar oksijin a samanta, babu kuma ko halitta ɗaya da za ta cinye duk sinadarin da ya haɗu, ga miliyoyin shekaru a gabanta. Charles Darwin ma ya lura da wannan. A wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa Joseph Hooker a 1871, ya yi tunanin wani ɗan tafki mai ɗumi inda furotin, wato sinadarin da ke gina jikin mai rai yake kuma yi masa aiki, zai iya haɗuwa, ya ƙara da cewa a yau nan take za a cinye irin wannan abu. Ka lura wa yara cewa ka'idar Darwin tana magana ne kan yadda halittu ke sauyawa bayan rai ya riga ya samu. Asalin rai tambaya ce ta daban, kuma yawancinta aikin masana sinadarai ne.

Sai batun lokaci, wanda shi ne yara suka fi kasa kamawa. Shekarun duniya kimanin biliyan 4.5 ne. Wasu ƙananan duwatsu da ake kira zirkon, daga yammacin Ostareliya, masu shekara biliyan 4.4, suna ɗauke da alamar cewa tun a lokacin akwai ruwa a doron ƙasa. A yankin Pilbara na can Ostareliya akwai duwatsu masu hawa-hawa da tarin ƙananan halittu suka gina, shekarunsu sun kusa biliyan 3.5. Domin yara su ji nauyin lambar, ka kawo musu ta gida. Ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Farin dutsen Kalambaina da ake siminti da shi cike yake da bawon halittun ruwa, kuma a wannan yanki aka tono ƙasusuwan wani ƙaton dabbar teku da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, da sunan Goronyo. Ya rayu kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce. Halittun Pilbara sun ninka shi tsufa sau 50.

A 1924 Alexander Oparin na Rasha, sannan a 1929 J.B.S. Haldane na Birtaniya, kowa da kansa, suka kawo ra'ayin cewa a duniyar farko hasken rana da walƙiya za su iya haɗa ƙananan sinadarai su zama manya, su yi ta taruwa a ruwa. Ra'ayi ne kawai har 1952, lokacin da wani ɗalibi a Jami'ar Shikago, Stanley Miller, ya shawo kan malaminsa Harold Urey ya bar shi ya gwada. Ya haɗa kwalabe biyu da bututun gilashi. A ɗaya ruwa na tafasa a matsayin teku, a ɗaya kuma ya cusa iskar metan da amoniya da haidurojin, yana tartsa musu wutar lantarki a madadin walƙiya. Cikin mako guda ruwan ya rine ya yi ja. Da ya auna, sai ga amino asid, irin su gilaisin da alanin, wato ƙananan sinadaran da ake jerawa su zama furotin a jikin kowane mai rai. Ya buga sakamakon a 1953 yana ɗan shekara 23. Bayan rasuwarsa a 2007, tsohon ɗalibinsa Jeffrey Bada ya sami ragowar kwalaben da ya adana, aka auna su da na'urorin zamani, aka ga amino asid sama da 20 a wasu daga ciki.

Akwai gyara da ya kamata malami ya sani. Yawancin masana duwatsu a yau suna ganin iskar duniyar farko ta fi yawa da kabon dayoksaid da naitirojin, saɓanin cakuɗin da Miller ya zuba. Da irin wannan iskar abin da ake samu yana raguwa sosai, ko da yake yana ƙaruwa idan aka sa abin da zai rage wa ruwan tsami. Wannan bai rushe aikin ba, domin an sami shaida daga wata hanya da ba a zata ba. Dutsen da ya faɗo daga sama a garin Murchison na Ostareliya a 1969 an sami amino asid iri-iri sama da 70 a cikinsa. Kumbon Japan ya dawo da ƙasa kaɗan daga dutsen sararin samaniya mai suna Ryugu a 2020, na Amurka ya dawo da ta wani dutsen mai suna Bennu a 2023. A ƙasar Bennu an sami 14 daga cikin amino asid 20 da halittu ke gina furotin da su, da kuma dukkan sinadarai biyar da ke zama haruffan DNA da RNA, wato dogayen sinadaran da ke ɗauke da bayanin gado a jikin halitta. Waɗannan kayan, ashe, ba su da wuyar samuwa. Suna haɗuwa har a inda babu rai ko kaɗan.

Wasu sun wuce nan suka ce ƙila rai kansa daga wata duniya ya zo. Cewa dutse na iya tasowa daga wata duniya ya iso tamu, wannan tabbas ne, kuma shaidar ta faɗo a ƙasar Hausa: a Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars yake. Amma ba a taɓa samun halitta a cikin irin waɗannan duwatsu ba, kuma ko an samu, tambayar ta ƙaura ne kawai zuwa can. Ban ga wannan ra'ayi ya warware komai ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Wanda ya sayo fatar jan akuya daga majema, ya samu zare da basilla, bai mallaki jaka ba tukuna. Amino asid a ƙasan kwalba haka suke. Ƙwayar halitta mafi sauƙi tana da tantani da ya raba cikinta da waje, tana da hanyar jawo makamashi ta sarrafa shi, tana kuma da bayanin gado da take kwafa ta miƙa wa 'ya'yanta. Kowanne ya dogara da sauran. Mafi ɗaure kai shi ne tsakanin DNA da furotin. DNA ce ke ɗauke da umarnin yadda za a jera kowane furotin, amma ba ta iya kwafar kanta sai furotin sun yi mata aikin. Furotin kuma ba sa samuwa sai da umarnin DNA. Kowanne na jiran ɗaya ya riga shi.

Mafitar da ta fi ƙarfi ita ce RNA, 'yar'uwar DNA mai sili ɗaya. An daɗe ana mata kallon 'yar aike, mai kai saƙo daga DNA zuwa inda ake ƙera furotin. A farkon shekarun 1980 Thomas Cech da Sidney Altman, kowa a ɗakin gwajinsa a Amurka, suka gano cewa wasu RNA na naɗe kansu su yi aikin da aka ɗauka furotin kaɗai ke yi, su yanke sinadari ko su haɗa shi. Sun sami kyautar Nobel a 1989. Ke nan abu ɗaya na iya riƙe bayani ya kuma yi aiki, kuma ana iya tunanin wani zamani da RNA ke yin duka biyun kafin DNA da furotin su karɓa. Hujjar da ta fi gamsar da ni ta zo a shekarar 2000, da aka ga cikakkiyar surar raibosom, injin da ke ƙera furotin a kowace ƙwayar halitta, daga bakteriya har jikinka da nawa. Daidai wurin da ake ɗaura amino asid da ɗan'uwansa, RNA ce zalla ke aikin. Furotin ɗin da ke jikin injin a gefe suke. Abu mafi muhimmanci a ƙwaya har yau yana hannun RNA, kuma da wuya hakan ya kasance in ba ita ce ta riga zuwa ba.

Amma RNA kanta daga ina? Kowane harafinta haɗin abu uku ne, sukari mai suna raibos, da fosfet, da wani sinadari mai naitirojin. An shafe gomman shekaru ana ƙoƙarin liƙa sukarin da wannan sinadari a yanayi irin na duniyar farko, abin ya ƙi. A 2009 John Sutherland da abokan aikinsa a Manchesta suka bi ta wata hanya: maimakon su ƙera kowane sashe daban su liƙa, suka fara da ƙananan sinadarai da ke gina rabin wannan da rabin wancan a tare, da taimakon fosfet da haske irin na rana, suka sami biyu daga haruffa huɗu. A wannan shekarar Tracey Lincoln da Gerald Joyce suka samar da RNA biyu masu ƙera juna ba tsayawa, muddin ana ba su guntayen da aka riga aka tanada. Ka lura da wannan sharaɗi. A duk gwaje-gwajen nan akwai hannun mai bincike, shi ke zaɓar sinadari mai tsabta, ya zuba wannan bayan wancan. Masu sukar fannin suna da gaskiya idan suka nuna haka, kuma masu aikin sun san da shi.

Sai tambayar a ina, wadda har yanzu masana ke kai ruwa rana a kanta. A 1977 aka gano maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan teku kusa da tsibiran Galapagos, kewaye da halittun da ba su dogara da hasken rana kai tsaye ba. A 2000 aka gano wani iri daban a tsakiyar Tekun Atilantika, fararen hasumiyoyi da tsayin wasu ya kai mita 60, ruwansu bai kai tafasa ba, yana da kaifi irin na ruwan toka, yana kuma ɗauke da haidurojin. Michael Russell ya yi hasashen irinsu tun kafin a gan su. Hujjar wannan ɓangare tana da kyau ƙwarai. Kusan duk ƙwayar halitta tana samun makamashi ne ta hanyar tara sinadarin tsami a gefe ɗaya na tantani, sannan ta bar shi ya kwararo ta wani ɗan inji da ke ƙera mata makamashin da take amfani da shi. Peter Mitchell ya bayyana haka a 1961, aka daɗe ana musanta shi kafin ya sami Nobel a 1978. A waɗannan hasumiyoyi, cikin ƙananan ramukan dutse, ruwa mai kaifi na haɗuwa da ruwan teku mai ɗan tsami, sai ga wannan bambanci ya samu a kyauta. Masu wannan ra'ayi na cewa a nan ƙwaya ta gaji salon.

Matsalarsu ita ce ruwa. Duk lokacin da amino asid biyu ko haruffan RNA biyu suka haɗu, ƙwayar ruwa ɗaya ke fita daga tsakaninsu, don haka a cikin ruwa mai yawa sarƙar ta fi son tsinkewa da haɗuwa. Shi ya sa ɗaya ɓangaren, su David Deamer, suka koma tudu, ga tafkuna kusa da duwatsu masu aman wuta, masu cika su ƙafe su sake cika. Idan tafki ya ƙafe, sinadarai na matsuwa wuri guda su haɗu. Idan ruwa ya dawo, sai su warwatsu su sake cakuɗa. An gwada wannan jiƙa da busarwa a ɗakin gwaji, an kuma sami gajerun sarƙoƙi. Tantani ma ya fi sauƙin samuwa a nan. Sinadaran maiƙo, dangin waɗanda ke cikin sabulu, idan suka shiga ruwa da kansu suke dunƙulewa su zama ƙananan ƙwallaye masu rami. Jack Szostak ya nuna irin waɗannan na iya girma su rabu biyu, kuma wani nau'in yumɓu na hanzarta haɗuwarsu. Gishirin teku kuwa yana ɓata su.

Akwai wani ɓangare na wannan da nake so ƙwarai, don ya shafi abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Babu DNA ko RNA sai da fosfet, amma a yawancin ruwa fosfet na kama sinadarin kalsiyam ya daskare ya zama dutse, irin ƙulle-ƙullen fosfet da ke ƙasar Dange da Shuni. Ta yaya zai narke ya wadata a ruwan farko? A wajejen 2020 Jonathan Toner da David Catling na Jami'ar Washinton suka nuna cewa a tafkunan kanwa, sinadarin kanwar ne ke riga kama kalsiyam, sai fosfet ya zauna a narke har ya taru da yawa. Kanwar da ake kawowa kasuwa daga busassun tafkuna irin waɗannan ake haƙo ta. Ni dai a nawa ganin, masu tafki sun fi ƙarfi wajen nuna yadda za a ƙera kayan, masu ƙasan teku sun fi ƙarfi wajen bayanin makamashi, kuma babu ɓangaren da ya amsa tambayar ɗan'uwansa yadda za ta gamsar.

Ana kuma bin sawun ta baya, daga halittun yau. Duk mai rai da aka bincika, da gero da raƙumi da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, haruffan gado iri ɗaya suke amfani da su, da kusan fassara iri ɗaya, kuma amino asid ɗinsu na furotin, waɗanda kan zo da sura biyu kamar hannun hagu da na dama, duk masu surar hagu ne, alhali sinadarai marasa rai, har na Bennu, sukan zo rabi hagu rabi dama. Daga wannan masana ke cewa duk sun haɗa kaka ɗaya. Sai dai wannan kakan ya riga ya zama ƙwaya mai raibosom da ɗaruruwan ƙwayoyin gado, wato sassan bayanin gado da kowanne ke ɗauke da umarni guda, nesa ƙwarai da farkon lamari. Idan kuma yaro ya ce maka ya ji an ƙirƙiri rai a Amurka, ga gaskiyar abin: a 2010 ƙungiyar Craig Venter ta haɗa DNA ta wata bakteriya da na'ura, ta kwaikwayi wadda ke akwai, ta dasa ta cikin ƙwayar da ke raye tun asali. A 2016 suka rage ta iya ragewa, ta tsaya a ƙwayoyin gado 473, kuma 149 daga ciki ba su san aikinsu ba a lokacin.

Na san abin da ke zuciyar yara da iyayensu a Sakkwato idan aka taɓo wannan darasi, kuma bai kamata malami ya kauce masa ba. Ni Musulmi ne, na yi imani Allah ne mahaliccin komai, kuma aikina a ɗakin gwaji binciken sababi ne, wato wane sinadari ne ke haɗuwa da wanne, a wane zafi, cikin wane ruwa. A Suratul Ankabut, aya ta 20, an umurce mu mu yi tafiya a ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta. Abu biyu nake roƙon ka kiyaye. Kada ka ɗauki aya ka ɗaure ta da wani sakamakon gwaji, domin sakamako na sauyawa, kamar yadda ka ga ya faru da iskar Miller. Kada kuma ka gina imanin yaro a kan cewa masana ba za su taɓa gano kaza ba, domin kafin 2009 da yawa sun ɗauka haruffan RNA ba za su haɗu ba. Tafsiri a bar wa malamansa, kai ka koyar da abin da aka auna ka kuma bambanta shi da abin da ake hasashe.

Abin da zai fi ciyar da fannin gaba shi ne samun misali na biyu, domin duk iliminmu a kan rai iri ɗaya tak aka gina shi. Tun 2021 motar bincike mai suna Perseverance ke tara guntayen dutse a wani tsohon tafki da ya ƙafe a duniyar Mars. A Oktoban 2024 aka harba wani kumbo zuwa Yuropa, ɗaya daga watannin Jupita, wanda ake ganin akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa, ana sa ran isarsa a 2030. Idan aka sami halitta a can mai haruffan gado daban da namu, hakan zai nuna rai ya fara fiye da sau ɗaya. Idan aka same ta a Mars da haruffa irin namu, to sai a koma kan duwatsu irin na Zagami, a binciki wace duniya ce ta aika wa ɗaya.